Koyon Aski da Aska: Jagora ga Mai Farawa a Ƙasar Tibiri

Aski da aska tsirara, wato ƙarfe mai baki ɗaya wanda babu wani shamaki tsakanin kaifinsa da fatar mutum, sana'a ce da har yanzu take da rai a Tibiri ta ƙasar Arewa, garin sarautar Samna, wanda ya zama cibiyar gunduma a shekarar 2011 bayan an ciro yankinsa daga Dogon Dutsi, kuma wanda bai kamata a rikita shi da Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba. A cikin garin da kasuwannin Kore Mairuwa da Dumega da Gesheme, da ƙauyukan da ke jere a bakin Dallol Mawri, injin aski ya samu shiga wurin samari, amma inji yana bukatar wuta ko caji, ba ya kuma kai gashi ƙasa yadda dattijo yake so ya ji iska a kansa ranar Juma'a, shi ya sa wanzami da zabirarsa, wato jakar fata mai aljihuna da yake zuba kayan aikinsa, bai rasa wurin zama a gindin itace ba.

Wanzanci a ƙasar Hausa gado ne, ɗa yana ɗaukar zabirar ubansa shekaru kafin a bar shi ya taɓa kan mutum, kuma a garuruwa da yawa akwai Sarkin Aska da ke shugabantar masu sana'ar. Ayyukan wanzami sun wuce aski, domin akwai ƙaho da kaciya da tsaga da cire belu, waɗanda wasunsu hurumin asibiti ne a yau, wasu kuma barinsu ya fi alheri. Wannan jagora ta tsaya ga aski kawai. Masu koyonsa iri biyu ne, akwai wanda zai yi wa wasu, akwai kuma saurayin da yake son ya iya gyara fuskarsa da kansa, kuma dukansu kuskure ɗaya ke fara kayar da su, shi ne zaton cewa ƙarfin hannu ke yanke gashi. Kaifi ke yanke gashi, ruwa ke tausasa shi, hannun hagu ke shimfiɗa wa aska hanya, saboda haka kusan duk abin da ke sa aski ya yi kyau an gama shi tun kafin ƙarfe ya taɓa fata.

Askar da mai koyo zai tarar a kasuwa ba ta wuce iri uku ba. Akwai askar maƙera, ƙarfe guda gajere wanda aka ƙera da mariƙinsa a haɗe, ita ce ta gado, tana ɗaukar wasi da sauri amma tana dakushewa da sauri, tana kuma kama tsatsa. Akwai aska mai naɗewa cikin ƙota, irin wadda garuruwan Shefil a Ingila da Zolingen a Jamus da Tiyer a Faransa suka yi suna wajen ƙerawa, kafin rezar da Gillette ya samu lasisinta a Amurka a 1904 ta kore ta daga yawancin gidajen Turai. Ƙarfen aska mai naɗewa ya fi tauri, bayanta yana da kauri, cikinta kuma a rarake yake. Ta uku kamanninta ɗaya da ta biyu, sai dai bakinta rabin reza ne da ake sakawa a cire a jefar bayan kowane mutum. Wanda zai yi wa jama'a aski, ta ukun ce ta fi dacewa da shi saboda dalilin lafiya da za a zo kansa, amma ya sani ba ta da afuwa, domin reza siririya ce ƙwarai, kusurwoyinta biyu kuma suna soka. Wanda zai aske kansa kaɗai da askarsa ta kansa, ɗaya daga cikin biyun farko ta ishe shi, da sharaɗin ya koyi wasi.

Wasi shi ne rabin sana'ar, kuma matakinsa biyu ne da mai koyo yakan haɗa su wuri ɗaya alhali aikinsu daban. Mataki na farko dutse ne, wanda ke cin ƙarfe ya fitar da sabon baki, ba a kuwa bukatarsa kullum, sai aska ta dakushe sosai ko ta yi giɓi. Dutsen aska dole ya zama mai laushin fuska kuma shimfiɗaɗɗe, ba irin wanda ake wasa lauje ko gatari a kansa ba, a jiƙa shi da ruwa, a kwantar da aska a kansa yadda bakinta da bayanta duka suna taɓa dutsen, sannan a tura ta baki na gaba kamar ana son a feƙe saman dutsen, ana ɗan karkata tafiyar domin duk tsawon bakin, daga gindi zuwa tsini, ya samu rabonsa. In an kai ƙarshe sai a juya ta a kan bayanta, bakin ya tashi sama, a dawo da ɗaya gefen, kuma adadin da aka yi wa gefe ɗaya shi za a yi wa ɗayan. Hikimar kaurin bayan aska mai naɗewa a nan take, domin shi ke tsayar da karkatar wasin ba tare da mai wasawa ya yi awo ba. Askar maƙera da bayanta ba shi da kauri, hannu ne ke riƙe karkatar, a ɗan ɗaga bayan kaɗan a kuma tsaya a kan hakan, abin da ke ɗaukar lokaci kafin ya zauna. Nauyin askar kansa ya isa, musamman a zagayen ƙarshe, saboda dannawa tana lanƙwasa siririn bakin ya bar wani ɗan zaren ƙarfe a gefensa, wanda ke yin kamar kaifi a jan farko sannan ya karye ya bar baki mai kaushi.

Mataki na biyu fata ce, jemammiya mai santsi, wadda ba ta cin ƙarfe sai dai ta miƙar da bakin ta share shi, kuma ita ce ake komawa gare ta kafin kowane aski. Tafiyar aska a kan fata kishiyar tafiyarta a kan dutse ce: baya ke gaba, baki na biye, in ba haka ba aska ta datse fatar. A ɗaure gefe ɗaya a ja ɗayan ya miƙe tsam, ko a shimfiɗa ta a kan katako, domin fata mai sako-sako tana naɗe bakin ta dakusar da shi. Zuwa da dawowa 20 zuwa 30 a natse sun wadatar. Tsofaffin wanzamai sukan goga aska a tafin hannu a tsakiyar aiki da saurin da ido ba ya bi, abin sha'awa ne ƙwarai, amma shekaru ne suka haife shi, mai koyo ya bar shi tukuna. Gwajin kaifi kuwa a gashin damtse ko na ƙwauri ake yinsa, in aska ta kwashe gashin ba tare da an ji tana ja ba ta isa aiki, in tana tsallake shi ko tana fizga sai a koma fata, in fata ta kasa a koma dutse. Ba a bin tsawon bakin aska da yatsa.

Tsabtar aska magana ce da ba ta karɓar sassauci. Aski ko na gwani ne yana barin ƙananan raunuka da ido ba ya gani, jini kuma yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B da na C da ta sida. Ta nau'in B, wadda Afirka ta Yamma ke cikin yankunan da ta fi yawa a duniya, tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7 tana kuma da ƙarfin harbi, ma'ana askar da aka share da tsumma aka mayar zabira ranar kasuwa tana iya kai cutar kasuwar mako mai zuwa. Wannan ne ya sa hukumomin Saudiyya suke wajabta reza mai amfani sau ɗaya ga masu aske alhazai a Mina. Wuce aska ta cikin harshen ashana, ko zuba mata fetur a kunna, ba ya bayar da tabbaci, in kuwa wutar ta daɗe har ƙarfe ya canja launi to taurin bakin ya tafi. Hanyar da ake dogaro da ita ga askar ƙarfe ita ce a wanke ta da sabulu har jini da gashi su fita, sannan a tafasa ta minti 20, wanda zafinsa bai kai ya lalata ƙarfen ba, ko a jiƙa ta minti 10 cikin ruwan jabel da aka surka ya koma kashi 0.5 cikin 100, a ɗauraye nan take a busar domin jabel yana cin ƙarfe. Ma'aikatan lafiya na gari suna iya nuna yadda ake surkin gwargwadon ƙarfin wanda ake sayarwa. Mai aska ɗaya ba zai iya yin haka tsakanin mutum da mutum ba, don haka ko ya tanadi asake da yawa, ko ya koma ga reza, ko kowa ya zo da tasa.

Daga nan sai jiƙo. Busasshen gashi yana da tauri fiye da yadda kamanninsa ke nunawa, amma yana shan ruwa, kuma minti biyu zuwa uku na jiƙo da ruwa mai ɗumi suna rage ƙarfin da ake bukata wajen yanke shi ƙwarai. In sumar ta yi yawa a fara saisaye ta da almakashi, a wanke ƙura da yashi domin yashi ɗaya yana iya yi wa baki giɓi, sannan a murza sabulu da yatsu har kumfa ta shiga gindin gashi. Sabulun salo yana yi, kowane sabulu mai santsi yana yi, sai dai ruwan rijiya mai zartsi ba ya son kumfa. A lokacin hunturu iska tana shanye kumfar kafin a kai rabin kai, kuma busasshen sabulu ya fi rashin sabulu illa domin yana riƙe aska, saboda haka ɗan kwanon ruwa ya zauna kusa da hannu, a riƙa jiƙa kowane fage daf da za a shige shi.

Riƙon aska mai naɗewa shi ne a buɗe ta har ƙotar ta wuce ta tashi sama, babban yatsa a ƙarƙashin wuyan ƙarfen, manuniya da yatsu biyu na biye a samansa, ƙaramin yatsa a kan ɗan wutsiyar da ke bayan ƙusa, ƙotar tana fitowa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Askar maƙera ana riƙe ta kusa da bakin da yatsu uku, sauran mariƙin yana kwance cikin tafi. Ko wacce ce, riƙon ya zama mai tabbas amma ba matsewa ba, domin yatsun da suka ƙage ba sa jin abin da bakin ke gaya musu. Karkatar aska a kan fata kada ta wuce digiri 30, wanda a aikace yake nufin a kwantar da ita shame-shame sannan a ɗaga bayanta da misalin kaurinsa sau biyu. In ta kwanta da yawa sai ta zame a kan gashi, in ta miƙe da yawa sai ta kankare fata ta bar raɗaɗi. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce aska tana tafiya ne ta fuskar da bakinta ke kallo, ba ta zamewa ta tsawonta ko da da faɗin ƙwayar gero, domin wannan zamiyar ita ce yanka. Ba a kuma ajiye baki a kan fata a tsaya ana tunani, ana saukar da shi ne yana cikin tafiya, a ɗauke shi yana cikin tafiya.

Hannun hagu, ko na dama ga bahago, shi ne mai koyo yake mantawa, alhali shi ke raba gwani da ɗan koyo. Fata sako-sako tana taruwa a gaban aska ta yi ninki, ninkin kuma shi aska ke kamawa. Babban yatsan hagu yana zama a bayan aska, a wurin da aka riga aka aske, yana jan fatar baya har ta miƙe, yana kuma bin askar taki bayan taki. Ba ya taɓa zama a gabanta. Yatsa mai sabulu ba ya riƙe fata, don haka a share shi, ko a goga shi a jikin alif, farin dutsen nan da ake sa wa ruwa ya kwanta. Sauran yatsun suna dafe da kan, suna juya shi yadda ake so, kuma ta hanyarsu ne wanzami ke jin mutum zai yi tari ko atishawa kafin ya yi.

Bai dace a fara da kan mutum ba. A shafa wa bayan ƙwarya ko kankana kumfa a riƙa kwashe ta da askar da ba ta da kaifi har karkata da gajeren ja su zauna a hannu, daga nan mai koyo ya koma kan ƙwaurinsa da aska mai kaifi, inda zai ji a jikinsa bambancin dannawa da rashinta. Kan farko da zai aske ya zama na babban mutum mai haƙuri wanda ya san koyo ake yi, da rana tsaka ko da hantsi inda haske ya wadata, gwani yana zaune kusa, kuma ya yi fagen da ke da sauƙi kawai, wato gefen kai sama da kunne, ya miƙa wa gwanin sauran. Yaro ƙarami, duk da cewa shi ya fi sauƙin samu, shi ne mafi munin wurin koyo domin ba ya zama.

Wanda za a yi wa aski yana zama a tabarma, mai askin yana bisa ƴar kujera ko a tsugune yadda kan zai zo daidai ƙirjinsa. Ana farawa da bisimilla da ɓangaren dama, koyi da yadda aka ruwaito Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙa wa mai aski gefen dama tukuna a Mina. Kafin a sa sabulu a shafa kan da tafin hannu don sanin abu biyu, kwanciyar gashi da kuma duk wani ƙurji ko tsiro ko tsohon tabo da sumar ta ɓoye. Ana bin kwanciyar gashin ne da gajeren ja, tsawon gaɓar yatsa ko biyu, kowane ja yana ɗan hawa kan na baya, ana share bakin a tsumma daga bayan aska zuwa gaba. Tsakiyar kai inda gashi ke murɗawa sai an juya aska sau da yawa ana bin murɗin. Bayan kunne a lanƙwasa kunnen gaba da yatsa a yi aiki da tsinin aska. Ƙeya kuwa mutum ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji domin ninkin wurin ya buɗe, mai ƙiba kuma a buɗe kowane ninki da yatsu biyu a aske cikinsa. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma dalilinsa a bayyane yake ga mai sana'a: a lokacin baki ya fara gajiya, sabulu ya bushe, mai aski ya ƙosa ya gama. Maganinsa a koma fatar wasi a sake jiƙo kafin a shiga goshin. Ba a barin aski rabi da rabi, tunda hadisi ya hana aske wani sashe na kai a bar wani.

Gyaran fuska a wannan yanki galibi tsaftace gefe ne, domin yawancin maza suna barin gemu su rage gashin baki da almakashi, abin da ya rage wa aska shi ne kunci da layin saje da ƙarƙashin muƙamuƙi. A nan akwai abin da ya keɓanta da Arewa, wato tsagar gado da ke tashi daga gefen baki ta nufi kunne a fuskokin dattawa da yawa. Tabon tsaga ko dai ya ɗan tashi ko ya ɗan lotsa, ta kowace fuska bakin aska yana iya sarƙewa a gaɓarsa, don haka a miƙar da fatar sosai, a aske sama da shi daban, ƙasa da shi daban, da tsinin aska da ja ƙanana, kada a haye shi da ja ɗaya. Maƙogwaro ana jan fatarsa gefe a aske ta a inda babu tudu. Mai aske kansa a gaban madubi ya fara da kuncin da ke ɓangaren hannunsa mai ƙarfi, ya zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ya ja fatar sama daga wajen saje, ya tsaya nan a kwanakin farko ya ƙarasa sauran da abin da ya saba, yana ƙara fage ɗaya duk bayan ƴan kwanaki. Haɓa ita ce ta ƙarshe domin babu shimfiɗaɗɗen wuri a jikinta.

Akwai ruɗin da ke kama duk wanda hannunsa ya fara faɗawa, shi ne son ya mayar da fata sumul ta hanyar komawa karo na biyu yana saɓa wa kwanciyar gashi. Ga mai murɗaɗɗen gashi, kamar yadda na yawancin mutanen ƙasar nan yake, wannan shi ne tushen ƙurajen aski. Gashin da aka yanke ƙasa da saman fata yana komawa ciki da tsini mai kaifi, kuma da yake a lanƙwashe yake tsirowa sai ya soki fatar daga ciki, ko ya fito ya juyo ya sake shiga, jiki ya ɗauke shi baƙon abu ya kumbura. A ƙeya abin yakan wuce ƙuraje ya zama tauraran tabo masu haɗewa waɗanda gashi ba ya sake fitowa a kansu. Jan fata da ya wuce kima ma yana taimaka wa wannan, shi ya sa ake miƙar da ita gwargwadon yadda ninki zai kau kawai. Gashi yana tsirowa misalin santimita 1 a wata, sumul ɗin da aka sha wahala a kansa kwana ɗaya ne, tabon kuwa yana iya zama na har abada, don haka ja ɗaya mai bin kwanciya ya isa, kuma wanda aka ga ƙeyarsa ta fara ƙuraje a ba shi shawarar ya huta da aska ya koma almakashi.

Yanka zai faru, kuma ƙarami ba abin firgita ba ne: a wanke da ruwa mai tsabta, a danna da auduga ko ƙyalle mai tsabta na ƴan mintuna ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, domin fatar kai tana da yawan jijiyoyin jini, tana zubar da fiye da girman raunin. Alif yana tsuke wurin ya tsayar da jini, amma a fasa ɗan guntu ga kowane mutum a jefar, kada dunƙule ɗaya ya zaga raunukan jama'a. Toka da ƙasa da garin batir ba su da wuri a kan rauni. In yankan ya buɗe baki ko jinin ya ƙi tsayawa bayan minti 10 na dannawa, asibiti za a nufa. Kan da ke da makero ko gyambo ko ƙuraje masu ruwa ba a aske shi da askar da za ta taɓa wani.

Askin suna, wanda ake yi wa jariri ranar bakwai a kuma yi sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa, shi ne aikin da ya fi kowane ɗaukaka wanzami a idon gari, kuma shi ne na ƙarshe da ya kamata a damƙa wa mai koyo. Fatar jariri siririya ce, ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, maɗiga tana motsi a ƙarƙashin yatsa, jikinsa kuma bai gama samun ƙarfin yaƙar cuta ba, saboda haka sabuwar reza ko tafasasshiyar aska kawai ta halatta a wurin, a hannun wanda ya shekara yana aske manya ba tare da fitar da jini ba.

In an gama, a ɗauraye kan da ruwan sanyi, a shafa ɗan man kaɗanya, musamman da hunturu. Gashin da ya zuba a tattara shi a miƙa wa mai shi, domin mutane da yawa sun fi son su binne nasu da kansu, rezar da aka cire kuma a jefa ta cikin gwangwani mai murfi inda yara da dabbobi ba za su kai gare ta ba. Askar ƙarfe a wanke ta, a tsabtace ta yadda aka bayyana, a busar da ita sarai har cikin ƙota, a wuce da ita kan fatar wasi sau kaɗan, da damina kuma a shafa mata ɗigon mai kafin ta koma kubenta a zabira, kowace aska a aljihunta yadda baki ba zai gogi wani ƙarfe ba.